Kiɗan jaz a kunnen ɗan Diffa: abubuwan da ya kamata ka sani

Wanda ya tashi a Diffa, ko a ɗaya daga cikin garuruwan bakin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, ba baƙon kiɗan da ake ƙagawa nan take ba ne. Mai algaita da ke bin basarake ranar salla ba ya riƙe da takarda. Masu ganga suna riƙe masa gindi, shi kuwa yana hawa yana sauka, yana cika kumatu da iska don kada sautin ya yanke, kuma abin da ya busa bara ba shi zai busa bana ba ko da take ɗaya ne. Haka mai gurmi, haka mai kukuma. Saboda haka idan aka ce jaz kiɗa ne da makaɗi ke ƙirƙirar abin da zai busa a daidai lokacin da yake busawa, ɗan Diffa ba zai ga abin mamaki ba.

Inda wuyar take daban ne. A kiɗanmu gindin yana zaune wuri ɗaya, makaɗi ne ke yawo a kansa. A mafi yawan jaz gindin ma tafiya yake, yana sauyawa bayan kowane bugu huɗu, wani lokaci bayan biyu, kuma dole mai busa ya san inda aka kai ba tare da an gaya masa ba. Wannan gindi mai tafiya shi ne jerin akor. Matashin da ke da jita ko ƙaramin fiyanon lantarki a Diffa yana da rabin sana'ar a kunnensa tun yana yaro. Ɗaya rabin sai ya zauna ya koya.

Mene ne akor?

Akor sautuka uku ne, ko fiye, da aka buga lokaci guda. Makaɗan orkes a Nijar da do, re, mi suke kiran sautuka, don haka da su za mu yi aiki. Tsanin da aka fi koyarwa yana da matakai bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si, sai do na sama. Ana gina akor ne da ɗauki ɗaya, tsallake ɗaya. Ka ɗauki do, ka tsallake re, ka ɗauki mi, ka tsallake fa, ka ɗauki sol. Do-mi-sol, akor ɗin do ke nan. Yawancin waƙoƙin da ake ji a rediyo nan suke tsayawa. Jaz yakan ƙara na huɗu, do-mi-sol-si, wani lokaci har na biyar da na shida, kuma wannan ƙari shi ne kaurin da kunne ke ji da zarar mai fiyanon jaz ya ɗora hannu.

Matakan tsanin ba tazara ɗaya suke da ita ba. Daga do zuwa re cikakken taki ne, layin ƙarfe biyu a wuyan jita. Daga mi zuwa fa, da kuma daga si zuwa do, rabin taki ne kawai, layi ɗaya. Ka riƙe waɗannan wurare biyu da kyau, domin kusan duk bayanin da ke tafe a kansu ya rataya.

Sauti na biyu a cikin akor shi ke ba shi hali. Idan rabin taki huɗu ne tsakaninsa da tushe, kamar do da mi, akor ɗin majer ne, mai haske. Idan uku ne, kamar re da fa, miner ne, mai ɗan duhu.

Jerin akor da zagayensa

Ka ɗauki ɗan kasuwa mai cin kasuwannin mako: yau yana wannan gari, gobe wancan, jibi na gaba, ranar da mako ya cika ya dawo gida ya sake ɗaukar hanya. Ranakun kasuwa ba sa canzawa. Kayan da ya ɗauko da yadda ciniki ya kaya su ne sababbi kowane mako. Jerin akor haka yake. Kowane akor yana da lokacinsa a cikin zagaye, zagayen yana ƙarewa ya sake farawa, mai solo kuma, wato makaɗin da aka bar wa fili ya ƙaga nasa, yana zuwa da sabon kaya kowane karo.

Ana auna lokacin da gaɓa, kowace gaɓa yawanci bugu huɗu. Zagaye iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai gaɓa 12, na buluz. Akwai mai gaɓa 32, wanda aka raba kashi huɗu, kowanne gaɓa takwas: kashin farko, maimaicinsa, sai wani daban da makaɗa ke kira gada, sai na farkon ya dawo. Idan ƙungiya ta hau dandali, sai a fara busa karin waƙar yadda kowa ya san shi, zagaye ɗaya. Daga nan a ajiye karin, a bar jerin akor yana ta juyawa a hannun mai bas da mai fiyano, makaɗa su riƙa karɓar solo ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe karin ya dawo, a rufe.

Wannan tsari ne ya sa mutum biyar da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya daga Tokiyo ɗaya daga Dakar, za su iya hawa dandali su yi rabin awa a kan waƙa ɗaya ba tare da gwaji ba. Shi ne kuma ya sa jeri ɗaya kan haifi waƙoƙi da yawa. George Gershwin ya rubuta I Got Rhythm a 1930, kuma a kan jerin akor ɗinta Lester Young, Duke Ellington, Charlie Parker da Sonny Rollins kowa ya ɗora nasa karin ya sa masa sabon suna. Dokar haƙƙin mallaka tana kare karin waƙa, ba ta kare jerin akor.

Biyu, biyar, ɗaya

Idan mutum zai koyi abu ɗaya tak a jaz, wannan ne. Makaɗa suna ba akor lamba gwargwadon matakin tsanin da aka gina shi a kai. A tsanin do, mataki na biyu re ne, na biyar sol, na ɗaya do. Ga su:

Na biyu: re, fa, la, do.
Na biyar: sol, si, re, fa.
Na ɗaya: do, mi, sol, si.

Ka buga su a jere, ko da a fiyanon wayarka ne, za ka ji na farko ya ɗaga ƙafa, na tsakiya ya matsu, na ƙarshe ya zauna. Matsuwar tana da dalili. A cikin akor na biyar akwai si da fa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta raba tsani biyu daidai wa daida, rabin taki shida ta sama, shida ta ƙasa. Kunne ba ya samun wurin zama a wannan tazara. Si yana son hawa rabin taki ya zama do, fa yana son sauka rabin taki ya zama mi, kuma do da mi su ne zuciyar akor na ɗaya.

Yanzu duba yadda ƙwararre ke ratsa ukun da ƙaramin motsi. A akor na biyu ya riƙe fa da do. Da aka shiga na biyar, fa ya zauna inda yake, do ya sauka rabin taki ya zama si. Da aka shiga na ɗaya, si ya zauna, fa ya sauka ya zama mi. Yatsa ɗaya ne ke motsi kowane karo, shi ma layi ɗaya. Mai saksofon da ya iya sauka a kan waɗannan sautuka a daidai lokacin da akor ya juya, ko babu fiyano a bayansa mai sauraro zai ji jerin yana tafiya.

A nan ne kunnen ɗan Sahel ke haɗuwa da baƙon abu. Da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu, na Hausa da na maƙwabta, a kan tsani mai matakai biyar suke tafiya, wanda idan aka kwatanta shi da fiyano zai yi kusa da do, re, mi, sol, la. Ka ƙirga abin da babu: fa da si. Sautuka biyun da ke tura jerin akor gaba su ne daidai biyun da tsaninmu ya ajiye. Wannan ba naƙasa ba ce. Wannan tsani mai biyar ba shi da rabin taki ko ɗaya, shi ya sa duk inda ka taka a kansa ba ka karo da komai, kuma shi ya sa mawaƙi ke samun sararin bin hawa da saukar harshe, tunda Hausa da Barbarci duka harsuna ne da karin murya ke canza ma'ana a cikinsu. Amma yana nufin wanda ya tashi da wannan tsani, idan aka sa masa biyu-biyar-ɗaya, zai iya busa do, re, mi, sol, la a kai daga farko har ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma jaz. Ya yi daɗi, amma bai nuna ya ji juyawar ba. A ganina wannan shi ne babban tarkon da makaɗanmu masu kyakkyawan kunne ke faɗawa, domin babu wanda zai ce musu sun yi kuskure.

Waƙar da ta fi dacewa da gwajin wannan jeri daga Faransa ta fito. Joseph Kosma ya tsara Les feuilles mortes a 1945, Amurkawa suka ɗauke ta da sunan Autumn Leaves, Cannonball Adderley da Miles Davis suka naɗe ta a 1958. Tushen akor ɗinta suna gangarowa a jere, kowanne na biyar ɗin mai bi masa: la, re, sol, do, fa diyez (fa da aka ɗaga rabin taki), si, mi. Uku na farko biyu-biyar-ɗaya ne mai haske, uku na ƙarshe kuma mai duhu. Wanda ya iya wannan waƙa ya sami mabuɗin ɗaruruwa.

Akwai wata dabara da ta cancanci ambato. Si da fa ɗin nan suna cikin wani akor ma, na re bemol (re da aka sauke rabin taki). Don haka ana iya cire sol a sa re bemol a gurbinsa, matsuwar ba ta canza ba, amma bas yanzu yana zamewa ne, re, re bemol, do. Da ka gane sautin wannan zamewa za ka riƙa jin ta ko'ina a faifan shekarun 1940 da 1950.

Buluz: ƙofar da ta fi kusa da mu

Zagayen buluz a tsohuwar sigarsa akor uku ne. A tsanin do: gaɓa huɗu a kan do, biyu a kan fa, biyu a kan do, ɗaya a kan sol, ɗaya a kan fa, biyu a kan do. Sha biyu ke nan. Makaɗan jaz sukan cusa biyu-biyar a gaɓa ta tara da ta goma, su ƙara wasu a tsakani, amma ƙashin bayan bai canza ba.

Abin da ya sa buluz ya zama ƙofa shi ne a cikinsa aka yarda tsani mai biyar ya hau kan akor ya ƙi sauka. Mai busa yana iya riƙe do, mi bemol, fa, sol, si bemol a duk zagayen, alhali akor ɗin da ke ƙasa yana ɗauke da mi tsantsa. A ƙa'idar makarantun Turai wannan karo ne. A buluz shi ne daɗin. Mawaƙi ma ba ya tsayawa a kan mi ko mi bemol, yana lanƙwasa murya tsakaninsu, wurin da fiyano ba shi da maɓalli amma goge yana da shi.

Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjar cewa da yawa daga halayen buluz, wato muryar mutum ɗaya mai lanƙwasa, abin kiɗa mai tsirkiya a hannunsa, da tsani mai biyar, sun fi kama da kiɗan yankin savana, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, fiye da gangunan bakin teku. Cikin misalansa har da kiɗan gogen Hausa. Hujja ce mai ƙarfi, amma kada ta ja mu ga cika baki. Buluz a kudancin Amurka aka haife shi, a hannun jikokin bayi, cikin wahalar da su suka sha. Akor ɗin da ke ƙarƙashinsa kuwa daga waƙoƙin coci da badujalar soja ya samo su. Dangantaka ce muke da ita da shi, ba mallaka ba.

Me mai solo yake yi a zahiri?

Ba ya ƙaga komai daga iska. Mamman Shata an san shi da tsara baiti a tsaye a gaban jama'a, amma ya zo fili ne da rumbun kirari, salon magana da amshi waɗanda ya daɗe yana tarawa, kalangu kuma yana gaya masa inda baiti zai faɗi. Makaɗin jaz ma yana da rumbunsa: gajerun jimloli da ya kwasa daga faifan magabata, ya maimaita su a dukkan tsani 12 har yatsunsa suka haddace. Sabon abin shi ne zaɓi, da jeri, da lokacin da aka sako kowace jimla.

Hanya mafi tsufa ita ce a yi wa karin ado, a ja wani sauti, a gaggauta wani, amma waƙar tana nan ana ganinta. Louis Armstrong gwanin wannan ne, kodayake ya wuce nan nesa. Hanya ta biyu ita ce a bar karin gaba ɗaya a bi akor. A 1939 Coleman Hawkins ya naɗi Body and Soul, ya ɗan taɓa karin a farko, sannan ya yi zagaye biyu yana hawa da sauka a cikin akor kawai, kuma faifan ya sayu sosai. Samarin da suka riƙa haɗuwa da dare a Minton's Playhouse da ke Harlem a farkon shekarun 1940, irin su Thelonious Monk, Kenny Clarke da Dizzy Gillespie, tare da Charlie Parker suka kai wannan hanya ƙarshen gudu, aka kira salon bibop. Ƙa'idarsu mai sauƙin faɗi ce: a kan bugu mai ƙarfi ka sauka a kan sautin da ke cikin akor, tsakanin bugu kuwa ka bi ta duk inda ka ga dama, har ta sautukan da ba sa cikin tsanin.

Babban abin kunya a wannan sana'a shi ne ɓata, wato mutum yana busa gada alhali sauran sun koma kashin farko. Ana ba da labarin cewa Parker yana matashi a Kansas City ya hau wasa ya ɓata haka, mai ganga Jo Jones ya jefo faifan ƙarfen gangarsa ƙasa, alamar ya sauka. A wata hira ta rediyo a 1954 Parker ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwaji awa 11 zuwa 15 a rana.

Sai abin da littattafan akor ba sa iya rubutawa: inda ake ajiye sauti a jikin bugu, ɗan gaba ko ɗan baya, da shirun da ake bari tsakanin jimloli, da sauraron abokan wasa. Akwai al'adar da mai busa da mai ganga ke musayar gaɓa huɗu-huɗu, wannan ya faɗa wancan ya mayar. Duk wanda ya san zabiya da ƴan amshinta ya san wannan. A nan ɗan Komadugu ba ɗalibi ba ne.

Shekarar 1959

A cikin wata biyu na wannan shekara John Coltrane ya shiga ɗakin naɗi ya taka hanyoyi biyu masu saɓa wa juna. A watan Mayu ya naɗi Giant Steps: gaɓa 16, akor 26, tsani uku (si, sol da mi bemol) da ke nesa da juna, a gudun da ya kusa bugu 300 a minti. Tommy Flanagan, ƙwararren mai fiyano, ana jin yadda yake laluben hanya a solonsa. Har yau da wannan waƙa ɗaliban jaz ke gwada juna.

Amma a watan Maris, tare da Miles Davis, ya riga ya naɗi So What, wadda ta buɗe faifan Kind of Blue. Ita ma gaɓa 32 ce, sai dai akor biyu ne kacal: gaɓa 16 a kan re, takwas a kan mi bemol, takwas a kan re. Tsanin kuwa fararen maɓallan fiyano ne daga re zuwa re. Davis ya gaji da tseren akor, yana son fili inda mai busa zai gina kari maimakon tsallake shinge. Coltrane da kansa, bayan ya kai tseren ƙarshe, wannan hanya ya bi. A My Favorite Things, wanda ya fito a 1961, yana riƙe da ƙaramin saksofon mai siririyar murya yana ta juyawa na mintuna a kan gindin mi wanda ba ya motsi. Ka sa wa dattijon Mangawa wannan faifai, ina kyautata zaton algaita zai fara tunawa.

Wato bayan shekara arba'in ana ƙara wa akor yawa, manyan jaz sun juyo da kansu zuwa gindi mai zama wuri ɗaya, inda kiɗan Sahel yake tun asali. Fela Kuti, wanda ya fara da haɗa jaz da hailaif, a kan akor ɗaya ko biyu ya gina afrobit. Sai dai Davis da Coltrane sun zo wannan fili ne ta cikin akor, suna ɗauke da duk abin da suka koya a can. Shi ya sa solonsu a kan akor ɗaya yake matsewa yana saki kamar akwai jeri a ƙasa.

Daga Zariya zuwa Tafkin Chadi

Akwai babban makaɗin jaz da ya zo ƙasar Hausa ya zauna don koyo. Yusef Lateef, Musulmi ɗan Amurka da ya tashi a Detroit, mai saksofon da sarewar Turai, ya yi daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya nazarci sarewar Fulani, ya naɗi faifai mai suna In Nigeria, kuma shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Mutumin da ya yi wasa da Gillespie da Adderley ya ga akwai abin da zai ɗauka a wurin makiyayi mai sarewa.

A jihar Diffa kanta akwai darasin da ya fi wannan kusa. Biram abin kiɗan Buduma ne na Tafkin Chadi, mai tsirkiya biyar, jikinsa kamar kwalekwale. Malam Maman Barka, haifaffen Tesker, malamin makaranta wanda Nijar ta sani da gurmi, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin tafki wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin biram na ƙarshe. Ya koya, ya fita da biram ƙasashen duniya tare da makaɗin ganga Umaru Adamu, faifansa ya fito a Ingila a 2009. Ya rasu a watan Nuwamban 2018. Kiɗan biram ba jaz ba ne, kuma ba ya buƙatar a kira shi haka kafin ya yi daraja. Amma tsirkiya biyar sauti biyar ne, babu wurin ɓuya, duk gwanintar tana cikin yadda ake juya ɗan gajeren zubi ana canza masa nauyi. Ɗalibin jaz da ke fama da gaɓa 16 a kan akor ɗaya wannan gwaninta yake nema.

Abin baƙin ciki, mazaunin biram ya watse. Tun watan Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa, jihar ta shiga dokar ta-ɓaci, a cikin shekarar kuma hukumomi suka umarci mazauna tsibiran tafkin su tashi. Dokar hana fitar dare ta daɗe tana takura bukukuwa, kuma a wurin biki makaɗi ke koyo, a nan yake ci.

Idan za ka fara a Diffa

Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tana Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga nan, don haka mafi yawan masu sha'awa waya da kunne ne malamansu. Wannan bai kai matsalar da ake zato ba, tunda ƙarnin farko na makaɗan jaz ma daga faifai suka kwashi yawancin karatunsu. Ka fara da buluz ɗaya mai tafiya a hankali. Kada ka taɓa jita tukuna. Ka bi mai bas da kunne, ka ƙirga gaɓa 12, har ka iya sanin farkon zagaye ko da an kira ka ka amsa ka dawo. Sannan ka rera tushen kowane akor da baki. Sannan sautuka biyun nan masu sauka da rabin taki. Bayan haka ka ɗauki solo guda gajere, na Davis a So What ya dace domin ba shi da gaggawa, ka haddace shi da murya kafin yatsa. Ka naɗi akor ɗinka a waya ka riƙa busa a kai, in kuwa ka sami aboki mai bas ko mai kalangu, ya fi waya sau goma.

Ranar da za ka sa akor a ƙarƙashin gurmi, biram ko algaita, ka yi hattara. Waɗannan ba a ɗaure su da ma'aunin fiyano ba. Mi ɗin mai gurmi yana iya zama ƙasa kaɗan da naka, kuma ba shi ne ya yi kuskure ba. Irin kaurin akor da ke ƙawata Autumn Leaves, idan aka jibga shi a kan kiɗa irin na Haruna Uji, binne shi zai yi. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni, wadda aka kafa a Yamai a 1995, ta haɗa sarewa da molo da kalangu da jita da bas, kuma bas ɗin tafiyar molo yake bi, ba ya jan molo zuwa tasa. Mulatu Astatke ya yi irin wannan aiki da tsanin Habasha masu biyar.

Dabarar da ta fi aiki ita ce ka cire sautin nan na biyu mai ba akor hali, ka bar wa mai gurmi shi. Ka gina akor ɗinka da tsallake biyu maimakon ɗaya, misali re, sol, do, ko mi, la, re, irin ginin da Bill Evans ya yi a So What kuma McCoy Tyner ya shahara da shi a bayan Coltrane. Irin wannan akor bai ce majer ba, bai ce miner ba, kuma dukkan sautukansa suna cikin tsani mai biyar. Ka ɗaure jitarka da tsirkiyar gurmin, ba gurmin da jitarka ba. Idan kana son motsi, ka bar mai bas ya matsa tushe daga do zuwa la, ko zuwa fa, yayin da gurmi ke kan zubinsa: zubin bai canza ba, amma kowane sabon tushe zai sa a ji shi da wata fuska.